Ranar da Kika Kira Ni "Wani"

Zuwa ga mai furanni, sanyin idanuna, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, yayyafin da ke sauka kan ƙasar da ta daɗe tana jira,

Na ajiye zarto da guduma, na share dusar katako daga kan tebur, na zauna in rubuta miki abin da bakina ya kasa faɗa ranar da muka dawo daga taron marubutan shafukan intanet. A mota kin tambaye ni ko kaina ne ke ciwo, na ce eh. Ba kaina ba ne, abar ƙaunata.

Kin tuna yadda shafinki ya fara? Tukwanen furanni ne jere a bayan ɗakin mahaifiyarki, kan kantar da na haɗa miki da hannuna. Ke kina dashe, ni ina durƙushe da waya ina jiran haske ya faɗo kan ganye yadda kike so, ƙannenki suna yi min dariya wai kafinta ya koma mai hoto. In kin gama rubutu, sai ki karanta min kafin kowa ya gani, ki tsaya a tsakiyar jimla ki tambaye ni ko ya yi. Ni da ban san sunan fure ko ɗaya ba kafin in san ki, ni ne alƙalin rubutunki.

Da aka gayyace ki taron, wa ya fi ni murna? Na rufe shago, na ɗaukar miki jakar kwamfuta, na zauna a kujerun baya. Ina kallonki ana koya muku yadda ake rage nauyin hoto don shafi ya buɗe da sauri, yadda ake ganin inda masu karatu suke shigowa, yadda ake haɗa shafi da dandalin sada zumunta, da yadda ake sa wa rubutu lokaci ya wallafa kansa ko mai shi yana wani aiki. Alƙalaminki yana gudu, fuskarki kamar gonar da ta sha ruwan farko. Har na taɓa na kusa da ni na ce masa waccan tawa ce.

Sai mai koyarwar nan, mai siririn tabarau, ya zo teburinki. Zauren cike yake da masu ɗaga hannu, me ya sa shafinki ne ya fi bukatar gyara? Ya sunkuya, ya sa yatsunsa kan madannan kwamfutar da naki suka ɗumama, ya faɗi wata magana, kika yi dariyar nan da kike rufe baki da bayan hannu. Na ɗauka ni kaɗai na san hanyar dariyar nan.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma ya haska shafinki a babban allo, ya yabi hoton farin furen da na ɗauka gwiwata cikin taɓo, ya tambayi wanda ya ɗauka. Na gyara zama, na fara miƙewa. Kika karɓi makirufo kika ce wani ne yake taimaka miki. Wani! Na koma na zauna, wanda na yi wa alfahari ya kau da kai don kada in ji kunya.

Tun daga ranar mabiyanki suke ƙaruwa kamar ciyawar damina. Jiya da hantsi ƙanwata ta miƙo min waya, wai in ga sabon rubutun antinta. Ban taɓa jin sa ba. Ya wallafa kansa kamar yadda aka koya miki, kuma tsokacin farko a ƙasansa na mai tabarau ne. Ashe na'ura za ta iya raba mutum da kujerarsa ba tare da ta ce masa tashi ba?

Hasken raina, ban ce ki rufe shafi ba. Wanda ya yi wa shuka ban ruwa ba ya jin haushin tsayinta. Na san kuma wataƙila kunya ce ta kama harshenki, tunda har yau babu sunan da za ki kira ni da shi a gaban jama'a. In haka ne, gyaran yana hannuna. Na yi wa kawuna magana, ya ce a shirye yake ya zo gaban mahaifinki, amincewarki kawai yake jira. Ki faɗi ranar da kanki, kada ki bar ni ina tsintar labarinki a wayar mutane.

Dubu za su bi ki yau, gobe su ga wani shafin su wuce. Ni ba ni da inda zan wuce.

Naki, muddin ina numfashi,
Kafintanki