Binciken da Baffanki Ya Ɗora Mini

Hadayek el-Maadi, Alƙahira
Ranar Laraba

Zuwa ga Shafa'atu, sanyin idona, farin watan da nake duba a garin da ba ni da kowa, ruwan farkon damina a kan ƙasar da ta gaji da jira, inuwar da na fake a cikinta shekara biyu cur. Shafa tawa, wadda ko yau da nake cike da haushinki hannuna ya ƙi rubuta sunanki sai ya yi masa ado!

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ba zan ce miki ina lafiya ba, don ban saba yi miki ƙarya ba. Kwana huɗu ke nan ina kiran wayarki tana ta ƙara har ta gaji ta yanke. Shi ya sa na koma ga takarda, na ba ƙawarki Khairat ta kawo miki hannu da hannu. Ki daure ki karanta har ƙarshe, domin akwai abin da ya faru ranar Asabar da ba ki sani ba, kuma jibi Juma'a zai yanke mana hukunci ni da ke.

Ke kika tsara ranar nan, ba ni ba. Kin ce Baffa Ɗantsoho, yayan marigayi mahaifinki, wanda aurenki yake hannunsa, ya zo daga Katsina an cire masa yanar ido, kuma da idon ya buɗe ya rantse ba zai koma gida ba sai ya ga garin da shi. Kin ce an ɗauki mai zagayawa da baƙi, Ustaz Amjad, amma Larabci yake yi, don haka in zo in riƙa mayar wa Baffa da Hausa, ya ji bakina, ya ga hankalina, sannan ki gaya masa ko ni wane ne a wurinki. Na yarda da ke kamar yadda na saba. Sau biyu na goge kaftanina. Hular da na sa ma ta aro ce, ta abokin ɗakina.

Na iso ƙofar gidan yayarki a Dokki na tarar da mota tana jira, da Abdulbasit a gaba, abokin mijin yayar taki, wanda yake aiki a ofishin jakadanci a Zamalek. Na durƙusa na gai da Baffa. Ya nuna ni da sandarsa ya tambaye ki, "Wannan fa, ɗan wa ne?" Na ɗaga kai ina jiran kalmar da na yi shekara biyu ina jira. Kika kalli takalminki kika ce, "Ɗalibi ne, Baffa. An samo shi ya yi mana tafinta."

An samo shi! Haba, Shafa'atu! A ina aka samo ni, a tashar jirgin metro ko a bakin kasuwa? Na san kunya, ni ma a cikinta aka rene ni. Da shiru kika yi, kika rufe fuska da mayafi, wallahi da Baffa ya gane komai, don dattijo ne, ya san ma'anar shirun ɗiya mace. Amma ba ki yi shiru ba. Sana'a kika ba ni, kika hau mota kika bar ni da ita.

Muka fara da hasumiyar Rumawa ta tsohuwar Misira, wadda ake leƙawa daga sama saboda gari ya tashi ya bar ta a rami. Ustaz Amjad ya nuna mana layin farin dutse da layin jan bulo, ya ce sun fi shekara dubu da ɗari bakwai a tsaye, ya ce a da kogin Nilu yana wanke gindin ginin nan kafin ya janye ya koma yamma. Ni kuma ina ta juya wa Baffa, murya ɗaya, ba gargada. Kin san abin da nake gani ina maganar? Ƙarfen nan da muka jingina da shi bara, ni da ke, kina shan ruwan rake kina dariya saboda na kasa faɗar sunan sarkin da ya gina ta. A nan kika ce mini duk ranar da Baffa ya taka ƙasar nan, sunana ne farkon abin da zai ji daga bakinki. Ga Baffa, ga ƙarfen, ga ni, ga ke taku uku daga inda nake, kina gyara mayafi Abdulbasit yana ɗaukar hotonku. Da ya so shiga hoton, ni ya miƙo wa wayar.

A masallacin Amru ɗan Asi, na farko da aka gina a ƙasar nan, Baffa ya yi kuka da idonsa sabo. Ya shafa ginshiƙan da Ustaz Amjad ya ce an ɗebo su ne daga tsofaffin gine-ginen Rumawa, ya yi ta salati yana mamakin yadda dutsen da bai san alƙibla ba ya ƙare yana riƙe da rufin masu sallah. Ya riƙe hannuna gam, ya ce Larabcina ya yi masa daɗi, ya tambayi garinmu da sunan malamaina. Zuciyata ta fara yaudarata. Na ce watakila dabararki ke nan, watakila kina so ya so ni tukuna. Na riƙe takalman kowa a ƙofa ina murmushi kamar wawa, har da na Abdulbasit.

Sai masallacin Ibn Ɗulun, mai hasumiyar da matakalarta take zagaye ta waje. Ustaz Amjad ya tafa hannu ya ce yalla, kowa ya hau. Baffa ya ce gwiwarsa ba ta wannan aikin. Kuka hau ke da yayarki da Abdulbasit, ni aka bar ni da tsohon a inuwar farfajiya. Ina kallon mayafinki mai ruwan zuma yana ɓacewa a bayan ginin yana sake bayyana sama da inda na gan shi, har ya yi mini nisa.

A nan ne, ya farin cikin raina, Baffanki ya soke ni ba tare da ya san yana riƙe da wuƙa ba. Ya matso ya rage murya ya ce, "Malam Sada, na yaba da kai, ba ka da rawar kai. Yaron can Abdulbasit ya turo a yi mini maganar Shafa'atu. Na tambaye ta ko akwai wani, ta yi shiru. Ni baƙo ne, ban san kowa a nan ba, kuma ba na ba da 'ya sai na bincika. Ka bi mini halinsa, tsakaninka da Allah. Asabar mai zuwa zan tashi, ka zo mini Juma'a bayan la'asar."

Me kike so in ce masa? In ce Baffa, 'yarka ta yi maka ƙarya da safe? In gabatar da kaina da bakina, ba manyana, ba goro, a tsakar masallaci, a daidai lokacin da aka ambaci wani? Da ya ɗauke ni maras tarbiyya, ke kuma ya ɗauke ki maƙaryaciya, kuma da ya yi daidai a kaina. Na ce, "To, Baffa." Kalma biyu, su ne mafi ɗacin abin da ya taɓa bi ta maƙogwarona.

Kuma na yi binciken. Kada ki zaci don tsoron Allah kaɗai na yi shi. Na tafi ne ina neman aibi kamar mai neman allura a cikin yashi, Allah Ya yafe mini. Na je wurin mai gadin benen da Abdulbasit yake zaune, wani tsoho mutumin kudancin Misira, na saya masa shayi na ja shi da hira. Ya ce ai wannan tamam ne, ba shi da matsala, bai taɓa shigo da abin kunya ba, kuma shi ya kai matar shi mai gadin asibiti da ta faɗi. Na je ƙaramin masallacin layinsu, liman ya ce sahun farko yake samu da asuba. Na tambayi ɗalibanmu da suke zuwa ofishinsu neman takardu, ina sa ran ko mutum ɗaya zai ce ya wulaƙanta shi. Suka ce shi ne yake tashi ya kawo musu kujera. Kwana uku ina yawo a rana, ina dawowa da alherin mutumin da zai ɗauke mini ke! Wane irin mutum ne wannan da ko zafin rai ba shi da shi? Na tsane shi na awa ɗaya, sannan na kasa, na dawo da haushin inda ya dace. Ke ce kika ja mini wannan, Shafa, ba shi ba.

Ina jin zafinki, ina faɗa miki ƙarara. Ina jin zafin shirun da kika yi lokacin da Baffa ya tambaye ki ko akwai wani, ke da kika iya magana sarai lokacin da za ki mai da ni tafinta. Kuma duk da haka ina son ki, son da ya hana ni cin abinci, ya sa na zauna a gaban malami jiya littafi a buɗe ban san shafin da ake ba. Idan kunya ce ta ɗaure miki baki, ki kwance ta yau, ya ƙanshin ƙasa bayan ruwa. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki gaya wa yayarki, ita ta gaya wa Baffa. Sunana gajere ne, ba zai gajiyar da ke ba. Idan kuwa zuciyarki ce ta janye ta koma wani wuri, to ki bar wayar tana ƙara, na ji.

Abu ɗaya nake so ki sani tun yanzu, kada ki sa ran wani abu daban. Ba zan ɓata Abdulbasit don in same ki ba. Ba zan ƙara masa ko ƙwayar laifi ba, ba zan rage masa alheri ba. Dattijo ya ba ni amana a ɗakin Allah, kuma ba na son matar da zan samu da ƙazafi, ko da ke ce.

Jibi bayan la'asar zan hau metro in zo Dokki. Daga fuskar Baffa zan karanta amsarki. Idan na yi sallama ya ɗaure fuska, ya bar ni durƙushe a bakin ƙofa, ya ƙi haɗa ido da ni kamar yadda ake yi wa mai neman 'ya, to na san kin faɗa, kuma zan fi kowa farin ciki a Alƙahira. Ban taɓa roƙon Allah Ya sa wani babba ya share ni ba sai a wannan makon. Idan kuwa ya washe baki ya ce, "Malam Sada, shigo, zauna nan kusa da ni," to khalas, shi ke nan. Zan zauna, in gaya masa duk abin da na ji, ɗaya bayan ɗaya, in ce Baffa, yaron nan mutumin kirki ne, ka ba shi. Kina bayan labule za ki ji, da muryar da kika ce ba ki gajiya da ita.

Ko wanne ya faru, ba za ki taɓa jin na faɗi sirrinki ga kowa ba, kuma ba za ki ji na daina son ki ba.

Naki, yau da jibi da bayan jibi, har numfashina ya ƙare,
Sada