Cibiyar da Ba Za Ta Zo Gida Ba

Al-Shumaisi, Riyad

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan ƙafarki ta yi sauƙi, kuma su Yaya Talle suna lafiya. Mu ma alhamdu lillahi. Ruƙayya ta shiga watan haihuwarta, tana gaishe ki.

Inna, abin da na ce miki gajiya ce ke damun 'yarmu Ummi, takwararki, ya wuce gajiya. Tsokar zuciyarta ce ta yi rauni. Tana cin abinci, tana dariya, sai dai yanzu a kafaɗata take hawa bene.

Likitoci suna gwajin wani magani: ƙwayoyin halitta na asali da ake cirowa daga igiyar cibiyar jariri, a sa wa mara lafiya ko zuciyarsa za ta ƙarfafa. Ba su yi mini alkawarin komai ba.

Kin umarce ni in kawo cibiyar abin da za a haifa, a binne ta gindin tsamiyar gidanmu inda aka binne tawa. Ba za ta zo ba. Na sa hannu a yi wa Ummi magani da ita, domin na ji tsoron jinkiri.

Ban taɓa yanke shawara kafin jin ta bakinki ba sai wannan karon. Ki yafe mini, ki kuma sa yarinyar nan cikin addu'arki.

Ɗanki,
Muhyiddeen