Fakej Ɗin Ruben

Angwan Iya, Keffi

Ɗana Ruben,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya aiki, yaya Abuja, yaya ciwon bayan nan naka? Mu lafiya, sai dai raina a ɓace.

Abin nan da ka ce za ka haɗa wa zumuntar mata, mai jefa waƙoƙinmu a bango kowa ya karanta, ina yake? Ranar Lahadi ne fa taron, matan Garaku ma za su zo. Na riga na buɗe baki a gaban shugabarmu Mama Anjelina, har ta hana a buga waƙoƙin a takarda.

Da farko ka ce da wani yaren kwamfuta wai shi Faiton ka rubuta shi. Aka ce mini ma'anarsa mesa ke nan, na ce Allah ya tsare, a coci? Sai ka ce ka canja yare, sai kuma ka koma na farkon. Ni na zo da yaren Eggon, babanka da na Mada, ba mu yi wannan wahalar zaɓen yare ba.

Ka amsa mini.

Mamanka,
Caroline

Ɗana Ruben,

Ka kwana lafiya? Ni ban kwana ba.

Ka ce ka turo fakej. Na ɗaura zani na tafi tasha, ina bin direbobin Abuja ɗaya ɗaya ina tambayar ƙunshina, har wani ya ce ko doya ce. Rana ta gasa ni. Ashe wai yana cikin waya! Me ya hana ka faɗa?

Na kai wa Dattijo Haggai sakataren coci wayar. A wayata bai buɗe ba. A kwamfutar coci ma ya ƙi, wai ita Windos ce, kai kuma ka ɗaure shi don irin taka mai hoton tuffa. Ka sake turo wani, ya ce sai an sauko da mesar tukuna, ga data ta ƙare. Kullum maganarka ɗaya, a taka yana aiki.

Mama Anjelina ta yi mini wani irin kallo. Gara ta zage ni.

To tunda a taka yake aiki, ka ɗauko ta, ka ɗauko kanka, ka shiga mota ranar Asabar. Wannan fakej ɗin na san yadda ake karɓarsa. Za ka same ni a tasha.

Allah ya kawo ka lafiya.

Mamanka,
Caroline