An Kama Kaskon Turarena da Laifi

Al Warsan, Dubai

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki? Yaya Baffa da mutanen gida?

Turaren wutar da kika aiko ya iso, na gode, amma yana cikin akwati. Tarin 'yata Hanifa ya dawo. Makon jiya numfashinta ya riƙa ƙara kamar usur, muka tafi asibiti. Likitan ya ji ƙamshin mayafina, ya ce, "Madam, kuna ƙona turare a gida? Khalas, a daina."

Na ce to. Na gaya masa akwai kuma masana'antar narka ƙarfe a bayan gidanmu, kullum sai na goge baƙar ƙura a taga, har a hancin yarinyar. Ya ce wannan ba hurumin asibiti ba ne.

Kin ji fa, an kama ɗan kaskona da laifi, an sallami bututun hayaƙin da ya fi hasumiyar masallaci tsawo. Digirina na kimiyya ya ishe ni sanin abin da take shaƙa, bai ishe ni hana shi ba. Abban Hanifa a masana'antar yake aiki. Gidan na kamfanin ne, bizarmu ma tasu ce. Wa zan kai ƙara?

Na daina turaren. Tarin dai bai samu labari ba.

Ki sa Hanifa a addu'a, Gwaggo, ki gaida Baffa da su Anti Rabi. Ga ta can ta fara tarin kuma. Bari in ja ƙofa mu koma wurin likitan. Yau dai ba zai ji ƙamshin komai a jikina ba.

'Yarki,
Bilkisu