Jar motar Kawu Idi

Daren Alhamis, Rajab 1422, Ƙiblatain, Madina



Motar da na saya wajen Kawu Idi, aminin marigayi Baba, ta kusa kashe mu yau. 'Yar ja ce mai ƙofa biyu, ba nauyi, daidai tseren da muke yi duk Alhamis a fili bayan hanyar Badr. Ranar ciniki na ce zan kai ta warsha, wato gareji, a duba, sai ya dafe ƙirji: "Ya waladi, ni za ka bincika? A hannuna aka raɗa maka suna." Kunya ta rufe mini baki.

Yau a kwanar farko ta tseren tayar gaba ta fice. Muka wuntsila, gilashi ya tarwatse a fuskar ƙanena Bashir, ƙashin hannunsa ya ɓullo waje. Da aka leƙa ƙarƙashin motar, ashe tsohuwar karaya ce aka yi wa walda aka shafe da baƙin fenti.

Daga asibiti gidan Kawu na zarce, rigata duk jinin Bashir. Na shaƙe shi, na buga shi da bango har bakinsa ya fashe. Sai da maƙwabta suka ɓamɓare ni.

Ɗazu Umma ta tsaya a bakin ƙofata. "A garin Manzo za ka ɗaga wa babba hannu? Gobe bayan Juma'a ka je ka durƙusa, ka ba shi haƙuri."

Zan je. Amma da rigar nan zan durƙusa masa, kuma ba mai wanke ta.