Wutar da Ba Ta Ƙuna

Assalamu alaikum Anti Lubabatu. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ɗari ya kankama, kaina ya kulle. Abin da zan tambaya wani zai ji ya yi dariya, domin maganar abin ɗumama ɗaki ce.

Ni mutuniyar Tungar Guru ce, amma yanzu a Anka nake zaune, ɗaki guda na haya, ni da Innata da ɗiyata Khairiyya. Mijina ya rasu, ina koyarwa a wata Islamiyya. Shekarar da gubar dalma ta faɗa wa garinmu, lokacin da ake dakan dutsen zinari a tsakar gidaje, na binne ɗiya maza biyu. Khairiyya tana goye. Ta rayu, amma dalma ta taɓa mata ƙwaƙwalwa. Yau ga ta budurwa, ta fi ni tsawo, hankalinta na yarinyar da ba ta isa shiga makaranta ba. Ga kuma farfaɗiya.

Ba abin da take so kamar kallon wuta. In kuka ya taso mata ba rarrashin da ke aiki, sai ta ga garwashi ta yi tsit. Inna kuwa tun tasowarta ba ta san ɗari babu kasko ba, ƙafafunta in sanyi ya shige su ko alwala sai an kama ta. Bara da hantsi ina makaranta, Inna ta zagaya, ciwon ya buge Khairiyya a bakin kaskon. Hannunta na dama ya faɗa cikin garwashi. Yatsu biyu sun manne har yau. Ni na riƙa wanke mata ƙunar tana kiran sunana, kamar ba ni ce ke riƙe da ita ba. Tun daga nan in ta ga wuta sai ta tsaya nesa, ta rungume hannun a ƙirji, tana kallo. Na koya wa 'ya'yan mutane karatu, ita ko alif ban samu ya zauna mata ba, amma wannan ta riƙe.

Na rantse kasko ba zai sake kwana ɗakin ba. Inna ta daina cin abinci da ni, ta ce so nake in tsira da ɗiya in binne uwa.

Ƙanena Mu'awiya da ke aiki Gusau ya ce zai saya mana abin ɗumama ɗaki na lantarki, ya turo hotuna biyu a waya. Ɗaya mai sanduna ne da ke yin ja. Ɗayan akwati ne kamar ƙaramar talabijin, cikin gilashinsa hoton itace yana ci da harshen wuta, ɗumi na fitowa, amma ko an dafa gilashin ba ya ƙuna. Wallahi da na gani sai da na yi hawaye. Na ce ga wutar da ɗiyata za ta kalla har ta taɓa. Inna ta taɓe baki, ta ce wutar NEPA da sai ta ga dama take zuwa ba da ita ake shirin ɗari ba. Ni ma zuciyata ta ƙi kwanciya, ban san dalili ba. Na gaji, Anti. Kullum tsorona in mutu in bar yarinyar nan. Wanne zan ce ya saya?

Uwar Khairiyya, Anka

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ba mai dariya a nan. Allah ya jiƙan waɗanda kika rasa.

Inna ba rigima take yi ba. Sanyi na cin tsoho, kuma ta faɗi gaskiya a kan NEPA. Ke ma kina da gaskiya: garwashi da mai farfaɗiya ba sa zama ɗaki ɗaya, balle ga iskarsa da ke kashe mutane a rufaffen ɗaki ba tare da an ga hayaƙi ba.

Mai sandunan nan ki cire shi daga lissafi. Garwashi ne ya sake riga, gefen zane ya taɓa shi sai gobara.

Ki ce wa Mu'awiya ya nemo wanda ba ya ja, ba ya nuna wuta, irin mai mai a rufe cikinsa, wanda ke kashe kansa in ya faɗi. Kafin a jona, mai gyaran wuta ya duba wayar ɗakin, a sa shi a soket na bango kai tsaye, kuma kada a shanya masa kaya. Ranar da babu wuta, ki fita da Khairiyya tsakar gida, Inna ta ɗumama ɗakin da kasko ƙofa a buɗe, a fitar da shi a kashe kafin yarinyar ta shigo. A zuba ruwan zafi a gora, a naɗe da zane, a sa wa Inna a ƙafa. Ki koma asibiti a duba maganin farfaɗiyar. Maganar wanda zai riƙe ta bayanki kuma, ki zauna da ƙanenki ku yi ta tun kina da lafiya.

Saura mai gilashi, wanda ranki ke so. Kada ki saya. Abin da zuciyarki ta hango kika kasa faɗa shi ne, Khairiyya ba ɗakinki kaɗai take rayuwa ba. Akwai murhun maƙwabciya, akwai mai ƙosai a ƙofar gida. Ba za ta bambanta hoto da wuta ba. In ta yi lokacin ɗari guda tana dafa harshen wuta ba ta ƙone ba, ranar da ta ga ta gaske za ta miƙa hannu tana dariya. Ki bar ta ta kalli wutar girki daga nesa, kina kusa da ita. Tsoron nan da yatsu biyu ta saye shi, kuma shi ne zai tsare ta a inda ba ki nan. Kada ki kawo abin da zai raba ta da shi.

Allah ya ba Khairiyya sauƙi, ya ba Inna lafiya, ke kuma ya ja kwananki.

Lubabatu