An Hana Sale Dariya

Zuwa ga Alhaji mai babban siton hatsi na bakin kasuwar Karaye.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar iyali da ciniki, ranka ya daɗe, sai ka gyara zama. Mai wannan takarda shi ne Babban Sufeton Ƙashin Baya na ƙasa baki ɗaya, wanda gwamnati ta turo daga Ikko da mota mai tuta. In ba ka ga motar ba, na bar ta a ƙauyen nan da ake kira Turawa ne tana hutawa. Maganar Sale ce ta kawo ni, ɗan dakonka mai wushirya.

Na farko. Bincikena ya nuna cewa bayan girbin dawa, ranar lodin motar Rogo, Sale ya juya da buhu a ka zai hau katakon shiga mota, sai wani abu ya ce ƙas a tsakiyar bayansa. Tun ranar, zafi ke tasowa daga nan ya bi haƙarƙari ya zagayo ƙirji, kamar an ɗaure shi da igiyar guga ana ja.

Na biyu. Ka ce tunda ba kumburi ba jini, lalaci ne. Ka dai turo wanzami, Allah ya saka da alheri. Wanzami ya tambayi inda ke ciwo, Sale ya nuna gaba, aka yi ta kafa ƙaho har ƙirjinsa ya koma tandar waina. Sai da muka kai shi asibiti, ma'aikacin ya danna tsakiyar baya, Sale ya yi ƙarar da ta tashi tantabarun unguwa. Ma'aikacin ya ce jijiya ce ta matse a inda take fitowa tsakanin ƙashin baya. Ashe ɓarawo na baya, mu muna ta dukan gaba! Ya ce hutu da magani, ban da ɗaukar kaya, kuma a je Kano a yi hoto.

Na uku, kuma shi ya fi ci wa ofishina tuwo a ƙwarya: Sale ba ya iya dariya. Tari, atishawa, dariya, kowanne wuƙa ne. Mutumin da in ya ƙyalƙyale a Karaye ake jin sa a Kafin Dafga! Shekaranjiya akuya ta cusa kai a tukunya ta kasa cirewa, ta yi ta zagaye tsakar gida, kowa na birgima, shi kaɗai ya cije bakin riga yana hawaye yana salati.

Duk da haka ka aiko cewa in bai fito lodin kasuwa mai zuwa ba, ka ba wani gurbinsa. Yana da mata da 'ya'ya, kuma ka san taurin kansa, fitowa zai yi.

Saboda haka ofishina na roƙo, ka zaunar da shi a bakin sito yana riƙe mudu har ya warke. Ranar da motarka za ta Kano kuma a sa shi a gaba kusa da direba, ba a saman buhuna ba.

Allah ya ƙara buɗi, ya tsare bayanka da na zuriyarka, ya sa sito ya cika har ƙofa ta ƙi rufuwa.

To, ranka ya daɗe, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Babu sufeto, babu tuta, keken ma aro nake. Ni ne Ɗanliti, taubashin Sale, ɗan ƙanwar babansa, wanda tun muna yara ba ni da sana'ar da ta wuce tsokanarsa da kiransa bawana. Yanzu in ya hango ni sai ya juya wa bango fuska. Da ajami na rubuta, wani malamin firamare ya juya mini zuwa boko. Buhunan Sale kuwa a ɗora mini su. Bayana sabo ne fil, bai taɓa aikin kirki ba, duk Karaye shaida ce.

Don Allah kowa ya karanta, amma kada a karanta wa Sale. Dariya zai yi.

Wassalam.